Kwamitin Duba Kundin Digirin Digirgir: Malamai Uku A Takarda, Ɗaya A Aikace

Duk wanda ya taɓa buɗe kundin digiri na uku da aka rubuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, zai tarar da shafin amincewa a farko, ɗauke da sa hannun babban mai duba aikin da na mataimakansa. Wannan jami'a da aka kafa a 1975, aka kuma sanya mata sunan Shehu a 1988, tana bin tsarin da sauran jami'o'inmu ke bi: ɗalibi ya zo da digiri na biyu, ya gabatar da tsarin bincikensa a gaban sashe, a naɗa masa kwamitin malamai, ya rubuta kundi mai ɗauke da sabon ilimi, daga ƙarshe ya kare shi a gaban masanin da aka gayyato daga wata jami'a. Sharuɗɗan ba su da aibu. Abin da ya dame ni shi ne yadda kwamitin nan, a jami'o'in ƙasar nan da dama, ya koma suna kawai.

Na ga wannan da idona a wata jami'a da ba zan ambaci sunanta ba. Abokin karatuna ya miƙa babi na uku ga babban malaminsa, babin ya yi fiye da shekara a kan tebur. Sauran malaman biyu kuwa suka ce ba za su taɓa shi ba sai babba ya gama, domin gudun a ce sun yi masa shisshigi. Shi kuma ɗalibin ya yi gum, saboda ya san kai ƙara tamkar sa wa kansa wuƙa ne. Ƙara wa Barno dawaki sai ga yajin aikin ƙungiyar ASUU, kamar na watanni takwas da aka yi a 2022. Karatun shekara uku ko huɗu sai ya kai bakwai, ga iyali ga kuɗin rajista kowace shekara.

Ba na ɗora laifin duka a kan malamai. Farfesa ɗaya yana riƙe da ɗalibai barkatai, ga koyarwa, ga aikin ofis, ga albashin da bai taka kara ya karya ba. Amma ai wannan shi ne dalilin kafa kwamiti tun farko, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin mamaki, Sakkwato ba baƙuwar wannan hikima ba ce. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya ɗauki ilimi daga gare su. Haka kuma Murray Last, wanda kundinsa na Jami'ar Ibadan ya zama littafin tarihin Daular Sakkwato da aka buga a 1967, Farfesa Abdullahi Smith ne ya duba aikinsa, amma a wajen Waziri Junaidu ya zauna ya karanci takardun daular. Ba domin malaman biyu sun haɗu a kansa ba, da wuya aikin ya yi irin nagartar da ya yi.

A nawa ra'ayin, gyaran ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Na farko, a riƙa tuntuɓar ɗalibi kafin a naɗa masa kwamiti, a kuma zaɓi malamai bisa fannin bincikensa, ba bisa zumunci ko rabon alawus ba. Na biyu, a miƙa kowane babi ga malaman uku a rana ɗaya, a ƙayyade musu wa'adin mayar da shi. Na uku, kwamitin ya zauna da ɗalibi aƙalla sau ɗaya a kowane zango, a rubuta abin da aka tattauna a aika wa Makarantar Karatun Gaba da Digiri. Na huɗu, a buɗe wa ɗalibi ƙofar neman canjin malami ba tare da ya zama abin nunawa a sashe ba.

Mai karatu, waɗannan daktocin su ne za su koyar da 'ya'yanmu gobe. Wanda aka wulaƙanta a hanyarsa ta samun digiri, yakan rama a kan ɗalibansa. Ina kira ga majalisun jami'o'inmu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa su duba wannan lamari da idon basira. Allah Ya sa mu dace.