Babur Mai Lantarki: Mu Auna Kafin Mu Hau

'Yan'uwa malamai, tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, zuwa makaranta ya zama lissafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake dubu. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, ko inda ya isa, bai cim ma wannan gudu ba. Don haka ba abin mamaki ba ne da hirar ɗakin malamai a Anka da Gummi da Bukkuyum ta karkata ga ƙaramin babur mai lantarki, mai siffar roba-roba, wanda ba ya shan mai.

Ra'ayinmu shi ne: wannan babur alheri ne ga wasunmu, tarko ne ga wasu, kuma bai kamata kowa ya shige shi shi kaɗai ba.

Mu fara da alherin. Batirin irin waɗannan ƙananan babura ba ya cin yunit biyu na wuta kafin ya cika, kuma yakan kai mutum kilomita 40 zuwa 60 a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ko da farashin wuta mafi tsada aka yi lissafi, kuɗin caji bai kai rabin kuɗin litar mai ba, alhali litar ma kusan nisan da za ta kai Boxer ke nan. Babu juyen baƙin mai, babu wankin fulogi, babu hayaƙi. Malamin da gidansa da makarantarsa suke cikin gari ɗaya, da malamar da kullum take biyan ɗan kabu-kabu zuwa da dawowa, za su ga sauƙi a aljihu.

Amma araha ba ta ado. Abu na farko shi ne wuta. Kowa ya san halin da layin Kaduna Electric yake ciki a yammacin Zamfara. Idan da janareta za a yi caji, to fetur ɗin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Sola ce mafita, ita kuwa jari take so.

Na biyu, hanya. A Kigali ta ƙasar Ruwanda, inda aka daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista daga Janairun 2025, akwai tashoshin da mutum zai ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke. Kamfanin Spiro ya kawo irin wannan tsari jihar Ogun. Mu a nan caji na sa'o'i ne a gida. Malamin da aka tura ƙauye, mai bin rairayi da laka, batirinsa zai ƙare da wuri fiye da abin da ɗan kasuwa ya faɗa masa. Kuma a halin tsaron da muke ciki, babur ya mutu wa mutum a daji bayan la'asar ba maganar asarar kuɗi ba ce, maganar rai ce. Fetur ana samunsa a kwalba a bakin hanya. Caji ba a samu.

Na uku, yanayi. Zafin Maris da Afrilu, da yake haura digiri 40, yana rage wa batir kwana. Ruwa kuma abokin gabarsa ne, mutanen Gummi da suka ga ambaliyar Agustan 2024 ba sa buƙatar a yi musu bayani.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damun mu. Yawancin babura masu araha batirin dalma suke ɗauke da shi, ba na litiyam ba, kuma cikin shekara ɗaya zuwa biyu yakan gaji. Ina zai tafi bayan nan? Mu ne mutanen da a 2010 muka binne yara fiye da 400 saboda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma ta kamu. Yaran da suka tsira, wasunsu sun zauna a azuzuwanmu, mun ga abin da dalma take yi wa ƙwaƙwalwa. Ba zai yiwu malami ya zama mai jefar da mataccen batir a tsakar gida, ko ya sayar wa mai jari-bola ya fasa shi a unguwa ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshe da su ɗauki wannan magana a taro mai zuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyarmu ta gama-kai ta yi ciniki a dunƙule, da rubutacciyar yarjejeniya mai sharuɗɗa uku: garantin batir na aƙalla shekara guda, dillali ya karɓi tsohon batir duk lokacin da aka sayi sabo, ya kuma horar da makanikai a garuruwan uku tare da ajiye kayan gyara. A fara gwaji da mutum kaɗan masu aiki cikin gari, su rubuta abin da suka kashe na zango biyu, damina da rani, sannan a karanta mana. A duba kuma yiwuwar kafa wurin caji na sola a sakatariyar reshe.

Kafin nan, wanda makarantarsa take bayan gari ya riƙe tsohon babur ɗinsa. Wanda yake cikin gari kuma, kada ya ci bashi da ruwa don ya riga kowa hawa. Ya tambayi irin batirin, da kuɗin sabo, da inda tsohon zai koma. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Allah Ya kai mu makarantunmu lafiya, Ya dawo da mu ga iyalanmu lafiya.