Wayar lantarki ta tsinke ta kashe mutum: wa ake kamawa?

Duk shekara idan damina ta kama, iska ta fara kaɗa turaku, labarin ɗaya ne: waya ta tsinke, ta faɗo kan rufin kwano ko cikin ruwan da ya kwanta a lungu, an rasa rai. A yi jana'iza, kamfanin rarraba wuta ya aiko da ta'aziyya, hukuma ta ce za ta yi bincike. Daga nan shiru kake ji.

Mutane ba su manta da abin da ya faru a Kalaba ranar 20 ga Afrilun 2017 ba, lokacin da babbar waya ta faɗo kan wani gidan kallon ƙwallo ana tsaka da wasan Manchester United da Anderlecht. Aƙalla mutum bakwai suka mutu. An yi ta kuka a kan gidan kallon da aka gina a ƙarƙashin waya, kuma kukan na kan hanya. Sai dai akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: me ya sa wayar da ta tsinke ta ci gaba da ɗaukar wuta?

A ƙa'idar aiki, layin 11kV ko 33kV yana da na'urorin kariya a tashar da ya fito. Da zarar waya ta taɓa ƙasa, ya kamata su katse wutar cikin ƙiftawar ido. Idan hakan bai faru ba, galibi na'urar ta lalace ba a gyara ba, ko an tsallake ta don kada wuta ta riƙa ɗaukewa. A taransifomar unguwa kuwa, sau nawa ake ganin fis ya ƙone an ɗaure wurin da zaren tagulla mai kauri? Irin wannan ɗaurin ba ya narkewa idan matsala ta taso, sai dai kayan mutane su ƙone, ko mutanen kansu. Iska ce ke tsinka waya, wannan gaskiya ne. Amma barin ta da rai a ƙasa sakacin ɗan Adam ne, kuma akwai ofishin da alhakin ke wuyansa.

Ba doka muka rasa ba. Tun 2015 aka kafa hukumar NEMSA domin duba kayan lantarki da tabbatar da ingancinsu kafin a saka musu wuta. Ƙa'ida ta ware filin da ba a gini a ƙarƙashin layi: mita 11 ga layin 11kV da 33kV, mita 30 ga 132kV, mita 50 ga 330kV. Wanda ya zaga gefen biranenmu ya san yadda shaguna da garejin kanikawa da ma gidajen kwana suka cika waɗannan wurare. A nan dole hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna su ɗauki nasu kason, domin ba a gina shago cikin dare ɗaya.

Kuma hukumar NERC ta nuna tana da haƙora idan ta so cizo. A Fabrairun 2024 ta zaftare wa kamfanonin rarraba wuta 11 sama da naira biliyan 10 saboda cajin ƙiyasi da ya wuce iyaka. A Afrilun shekarar ta ci tarar AEDC naira miliyan 200 kan ɗora sabon farashi ga waɗanda bai shafa ba. Mun yaba. Amma hukumar da ke wallafa adadin waɗanda wuta ta kashe a rahotonta na kowane wata uku, ya kamata ta riƙa faɗa wa jama'a da irin wannan ƙarar murya: wane kamfani ne, me bincike ya gano, nawa aka ci shi tara, nawa aka biya iyalan mamaci. Muddin kuɗin ta'aziyya ya fi sauya tsohuwar waya araha, kamfani zai zaɓi ta'aziyya.

Jama'a ma da nasu. Mai jona wuta ta bayan mita da mai kiran yaron unguwa ya hau turke suna saka maƙwabta cikin haɗari, kuma a hukunta su.

Abin da ya fi damunmu yanzu shi ne Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin kula da harkar wuta. Gwamnoni sun fi zumuɗin batun lasisi da farashi. Kafin kowace jiha ta karɓi ragama, majalisar dokokinta ta tambayi gwamna injiniyoyi nawa ya tanada don binciken haɗari, yadda za su yi aiki da NEMSA, da lambar da mai unguwa zai kira da ƙarfe biyun dare idan waya ta faɗo a ƙofar gidansa.