Ra'ayinmu: Ɗan Tsuntsun Gambaga da Dajin Runka

'Yan'uwa ɗalibai, mun san wani zai ce ina mujallarmu ina zancen tsuntsu, alhali mutanen Runka da sauran ƙauyukan Safana da Batsari suna fama da ɓarayin daji. A yi mana uzuri. Dajin da ya gagari manomi da makiyayi irin gidan tsuntsun nan ne, abin da ya ci dajin kuwa ba zai bar tsuntsun ba.

Masana suna kiransa Muscicapa gambagae. Kalmar farko ta Latin ce, ma'anarta mai cafke ƙuda, daga gare ta ne kuma danginsa duka suka sami suna. Ta biyun daga garin Gambaga ne na arewacin Gana, inda wani hafsan sojan Ingila, Boyd Alexander, ya same shi, ya bayyana shi ga masana a 1901. Ɗan ƙarami ne mai launin toka da ƙasa-ƙasa. Yakan sauka a reshe ya yi kasaƙe, da ƙwaro ya gifta sai ya cafke shi a iska ya komo reshensa. Mazauninsa busasshen daji ne mai itatuwa jefi-jefi, tun daga Mali har Somaliya da Yaman, wato irin dajin Rugu da ya rungume Runka.

Ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa shi cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Kada wannan ya ruɗe mu, domin hukuncin na duniya ne baki ɗaya, bai dubi daji guda ba. Ga ɗan'uwansa Muscicapa striata, wanda ke ratsa ƙasarmu a ƙaurarsa daga Turai. Matsayinsu ɗaya a wannan lissafi, amma a Ingila ya ragu da wajen kashi 90 cikin 100 daga 1967 zuwa yau. Turawa sun gane haka ne don suna ƙirga nasu kowace shekara. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu a nan gatari na sarar ƙirya da marke don gawayi da itacen girki, mai bincike kuwa ba shi da halin shiga dajin. Tsuntsun da ke farauta daga reshe, in babu reshe ina zai tsaya?

Saboda haka muna kira ga ɗaliban nazarin halittu, musamman na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke maƙwabtaka da Safana, su fara ƙirgar tsuntsaye a gonaki da bayan gari inda akwai kwanciyar hankali, su kuma rubuta sunayensu daga bakin dattawa da mafarauta. Gwamnatin Jihar Katsina kuma, ranar da ta ƙwato dajin, ta tuna da itatuwansa. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, amin.