Masu Tsere Sun Tafi, Mu Muna Kan Hanya

A Janairun 1979 ne motocin tseren Paris-Dakar suka fara ratsa Arlit da Agadas. Daga 2009 aka ɗauke gasar daga Afirka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin ta.

Su wasa suka zo yi da kat-kat cikin rairayi, mu kuwa abincinmu muke nema. Kwaltar Agadas zuwa Arlit, wadda ta bi ta kusa da Imouraren, ta farfashe, har Hilux ma da ƙyar take sha. Kuɗin mota ya hau, tumatir ya ruɓe a hanya, riba ta tafi.

Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Jama'a, yankin da ya ba da wannan arziki bai cancanci hanya ba? Hukumomi, a dube mu.