SHARHI: Ɗalibai Naƙasassu na Agege na Bukatar Gurbin Koyon Aiki Tun Suna Sakandare

Duk ɗan kasuwar da ke da rumfa a Zangon Agege ko a mayankar Oko-Oba ya san yadda ranar Juma'a take. Tun kafin a kira salla guragu da makafi sun jeru a bakin hanyar masallaci, wannan ya miƙa naira 100, wancan ya miƙa 200, kowa ya kama gabansa. An shaidi Hausawan Legas da sakin hannu wajen sadaka. Amma ya kamata a tambayi inda wannan kuɗi ke kai mai karɓarsa bayan shekara 10, kuma a tambayi abin da aka tanadar wa yaro naƙasasshe da iyayensa suka wahala suka kai shi sakandare, don kada shi ma ya ƙare a wannan layi.

Shekaru uku na babbar sakandare su ne mararrabar rayuwar irin wannan yaro. Muddin yana makaranta, yana da malami da abokai da wurin zuwa kowace safiya. Ranar da ya rubuta takarda ta ƙarshe ta jarrabawar WAEC, duk wannan ya yanke. Tsararsa masu lafiya za su bi wani ubangida zuwa kasuwar Mile 12 ko su nemi gurbi a jami'a. Shi kuwa in ba a shirya masa komai ba, zaman gida ne ke jiransa, daga nan sai bara.

Asarar da ke cikin wannan tana da lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata naƙasa. Wani bincike da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2009 a kan ƙasashe 10 masu tasowa ya nuna cewa ware naƙasassu daga aiki na jawo asarar kashi 3 zuwa 7 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara. Idan aka ɗauki mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, matashin da ya sami aiki zai shigo da naira 840,000 gida a shekara. Wanda ya fita bara kuwa sau da yawa yakan tafi da ɗan jagora, wato ƙanensa ko ɗansa da aka cire daga makaranta. Gida ɗaya ya yi asarar mutum biyu ke nan.

Ta fuskar doka, Legas ta riga jihohi da yawa. Dokar jihar ta 2011 ta kafa ofishin kula da harkokin naƙasassu, wato LASODA, ta kuma wajabta wa duk mai ma'aikata 100 ya keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na guraben aikinsa ga naƙasassun da suka cancanta. Dokar tarayya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairu na 2019 ta tanadi ilimi kyauta har zuwa sakandare, da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, da tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya. Sai dai waɗannan gurabe na wanda ke riƙe da takardar shaida ne ko ya ƙware a wata sana'a. Unguwar da ba ta shirya 'ya'yanta ba, sai dai ta ga wasu sun cike su.

Ga mai neman ƙarin karatu, hanya a buɗe take fiye da da. Tun daga 2017 hukumar JAMB ta kafa wani kwamiti da ke shirya wa makafi da wasu naƙasassu jarrabawa a cibiyoyi na musamman. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo da sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero a Kano sun daɗe suna karɓar irin waɗannan ɗalibai. Amma ɗan Agege yana da nasa cikas. Tsofaffin makarantun naƙasassu, kamar ta makafi ta Pacelli da aka kafa a 1962 da ta kurame ta Wesley, duk suna Surulere, tafiyar da ke cin kuɗi da lokaci. Kurman da ya tashi da maganar hannu irin ta gidajen Hausawa zai tarar da wata daban a aji, wadda ta samo asali daga ta Amurka. Haka kuma tallafin karatu na jihohi yakan nemi takardar shaidar asali. Yaron da aka haifa a Agege, iyayensa 'yan Katsina ko Kano, yana iya rasa na Legas, ya kuma rasa na jihar iyayensa saboda ba wanda ya je ya karɓo masa takarda. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa. Waɗannan takardu a aji ɗaya na babbar sakandare ya kamata a haɗa su, kafin lokaci ya ƙure.

Ba kowane ɗalibi ne zai je jami'a ba, kuma a nan ne 'yan kasuwa ke da abin bayarwa da gwamnati ba ta da shi. Kasuwancin Bahaushe a kan tsarin ubangida da yaronsa aka gina shi, haka aka koyi fataucin goron da ya zaunar da Hausawa a Agege tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso. Akwai ayyuka da yawa a wannan kasuwanci da ba su bukatar ƙafa ko ji: riƙe littafin lissafin dillalin shanu ko na albasa, aikin POS, ɗinki, gyaran wayar hannu irin na Computer Village da ke Ikeja. Ƙungiyar waɗanda shan-inna ta naƙasa a Kano ta nuna hakan, domin 'ya'yanta na ƙera kekunan guragu suna sayarwa. Kwalejin fasaha ta gwamnati da ke Agidingbi tana kusa da Agege, cibiyar koya wa makafi sana'a tana Oshodi, asusun LSETF da aka kafa a 2016 kuma yana ba ƙananan 'yan kasuwa rance.

Za a sami mai cewa jari ya karye tun da aka janye tallafin mai a 2023, shago ƙanƙane ne, kuma koya wa naƙasasshe aiki zai ci lokaci. Akwai gaskiya a cikin wannan, kuma ba wanda zai ce a kai mai keke cikin tsantsin mayanka. Amma abin da ake nema kaɗan ne: buhun siminti don gyara dandamalin ƙofa, tebur mai ɗan ƙasa, da hutun ƙarshen shekara na makonni kaɗan a gwada yaro. Idan ya iya, ubangida ya sami amintaccen yaro. Wasu iyaye kuma za su ce bara ta fi kawo kuɗi a yini. Su tuna cewa gwamnatin Legas ta sha kwashe mabarata daga tituna zuwa cibiyar Majidun da ke Ikorodu. Hanyar samun da za a iya rufewa da safiya ɗaya ba abin dogaron gida ba ce.

A Amurka, tun 1990 doka ta sa shirin fita daga makaranta cikin haƙƙin ɗalibi naƙasasshe. Kafin ya wuce shekara 16 sai an zauna da shi da iyayensa an rubuta inda zai dosa, da abin da zai koya, da wanda zai ɗauki nauyin kowane mataki. Agege na iya yin kwatankwacin wannan ba tare da jiran kasafin kuɗi ba. Fadar Sarkin Hausawan Agege, tare da sarakunan makafi da na guragu da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, su buɗe rajistar ɗalibai naƙasassu da ke sakandare, maza da mata, domin 'yan mata ne aka fi saurin mantawa da su a cikin gida. Kowace ƙungiya ta ɗauki yara biyu ko uku a shekara. A koya musu buɗe asusun banki, da tattalin kuɗi, da shiga jirgin ƙasan Red Line da ya fara aiki a 2024 su kaɗai, a kuma kai sunayensu ofishin LASODA.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan kasuwar da ke fitar da naira 500 kullum sadaka yana kashe sama da naira 180,000 a shekara. Ya ci gaba da bayarwa, Allah ya saka masa. Amma idan ya ware rabin wannan kuɗi ya biya wa ɗalibi ɗaya kuɗin mota da kayan koyon sana'a, bayan shekara uku yaron na iya zama abokin cinikinsa.