Fagen Ilimi: Idan Manhaja Ta Rufe Kanta Ba Sallama

A wannan wata za mu yi magana ne da 'ya'yanmu maza da mata da suka shiga koyon rubuta manhajar kwamfuta, da kuma iyayen da ke biya musu kuɗin karatun. Akwai wata matsala da ke karya wa ɗalibai gwiwa, har wani ya ajiye karatun ɗungurungum. Yaro zai kwana yana rubuta manhaja, ya tayar da ita, tana cikin aiki sai ta ɓace daga allo, ba sallama ba bayani.

Da farko ya kamata a sani cewa babu mai rubuta manhaja da ke rubuta kome da hannunsa. Tela ba ya saƙa yadin da zai ɗinka, saye yake yi. Haka nan masana sun riga sun rubuta umarnin ayyuka da yawa, kamar buɗe hoto ko karanta fayil, sun tara su wuri guda domin kowa ya ara. Wannan tarin shi ake kira laburare. To, idan manhaja ta mutu tana cikin amfani da laburare, galibi ɗayan abu uku ne ya faru.

Na ɗaya, laburaren ne da kansa ya ba da umarnin a rufe. Misali shi ne libjpeg, wanda ake karanta hotuna da shi tun shekarar 1991. Yadda aka tsara shi, in ya gamu da babban kuskure a cikin hoto sai ya rubuta gajeren saƙo ya rufe manhajar gaba ɗaya, sai fa in mai rubutun ya sa masa wata hanyar. An bayyana haka a littafin bayaninsa. Ke nan hoto guda da ya lalace zai iya tsayar da manhajar da ke shirya katin shaidar ɗaliban makaranta sukutum.

Na biyu, mu ne muka miƙa wa laburaren abin da bai dace ba. A harshen C, in aka nemi buɗe fayil da umarnin fopen alhali fayil ɗin babu shi, umarnin zai dawo hannu banza. Wanda bai duba ba ya miƙa wannan babun ga laburare, shi kuma ya kai hannu wani sashe na ma'adanar kwamfuta da ba a ba shi izini ba, nan take a kashe manhajar. Gawar a ɗakin laburare za a same ta, amma daga wurinmu ciwon ya taso.

Na uku, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ce ta kashe ta, domin ta cinye ma'adana har ba saura.

Kada ɗalibi ya zaci wannan cutar ta 'yan koyo ce kaɗai. Ranar 4 ga watan Yuni na 1996, Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba sabon rokanta Ariane 5 daga Kourou a Giyana ta Faransa, ɗauke da taurarin ɗan'adam guda 4. Cikin kimanin daƙiƙa 40 rokan ya kauce hanya ya tarwatse. Kwamitin bincike ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya gano cewa an ɗauko umarnin na'urar da ke auna tafiyar rokan daga tsohon roka Ariane 4. A cikinsa akwai wani gurbi da ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 32,767. A tsohon rokan lambar ba ta taɓa kaiwa nan ba, amma sabon ya fi shi gudu ta gefe, sai lambar ta fi ƙarfin gurbin, na'urar ta tsaya. Na'ura ta biyu da aka tanada don ɓacin rana umarni iri ɗaya ke cikinta, ita ma ta riga ta tsaya. Umarnin ya yi aiki lafiya a gidansa na asali. Sharaɗin da aka gina shi a kai ne ba a sake dubawa ba.

To, mece ce mafita? Ga shawarwarinmu bi da bi.

A tayar da manhajar daga tagar rubuta umarni, ba ta hanyar danna hotonta ba. Sau da yawa ta yi bayani kafin ta mutu, tagar ce ta rufe kafin ido ya gani.

A duba lambar da ta bari. Kowace manhaja in ta ƙare takan bar lamba, sifiri na nufin lafiya lau. A Linux, in aka rubuta echo $? za a ga lambar. In ta nuna 139, an taɓa ma'adanar da ba izini. In ta nuna 137, kashe ta aka yi da ƙarfi, sau da yawa saboda cikar ma'adana. In kuwa ƙaramar lamba ce kamar 1 ko 2, a yi zaton wani ne a ciki ya ba da umarnin rufewa; laburaren argparse na harshen Python da 2 yake fita in an ba shi umarnin da bai gane ba.

A nemi layin da ta faɗi. Masu harshen C suna da gdb, masu Python suna da faulthandler. Duka biyun suna nuna jerin ayyukan da suka kira juna har zuwa inda aka faɗi. A bi jerin a tsaya kan layi na ƙarshe da yake namu, a duba abin da muka miƙa a wurin.

A rage manhajar. A yi ta cire sassa ana gwadawa har ta koma layi 10 ko 15 waɗanda har yanzu suke mutuwa. A canja abu ɗaya tak a kowane gwaji, a rubuta sakamako a littafi kamar yadda ake yi a ɗakin gwajin kimiyya.

A tabbatar da bugun laburaren. Littafin bayanin wani bugu ba lallai ya dace da wani ba.

Sai an gama waɗannan ne ya dace a kai ƙara wurin masu laburaren, tare da gajeriyar manhajar da lambar bugun da saƙon kuskuren. Ai in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kiranmu ga 'yan'uwanmu malamai shi ne a ware darasi musamman kan neman kuskure, a ba yara manhajar da aka ɓata da gangan su gyara. Iyaye kuma kada su ɗauka kuɗinsu ya salwanta don sun ga yaro ya kwana biyu kan matsala guda, domin a nan ne ake koyon sana'ar.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana nan.