A sayi zare tun Satumba, a ba matan Chaza saƙa

Duk ma'aikacin da ke kwana a Suleja yana aiki a Abuja ya san sanyin asubar Disamba. Ya kuma san waɗanda yake wucewa kafin ya samu mota: almajirai a takure a bakin shaguna, masu tura baro, da 'yan ci-ranin da ba su da ɗakin kwana. Tun da aka ɗauki sunan Abuja a 1976 aka ba sabon babban birnin tarayya, tsohon garin da ya koma Suleja yake karɓar waɗanda hayar birni ta fi ƙarfinsu. Wasu ko hayar Suleja ba sa iya biya.

Abin da aka saba shi ne rabon barguna a tsakiyar Janairu, bayan takarda ta gama zagaya ofisoshi, ga masu ɗaukar hoto, ga jawabin maigida. Kafin nan tari ya riga ya zauna a ƙirjin yara. Bargon ma, wanda ba shi da ɗaki ina zai ajiye shi da rana? Ko a sace, ko yunwa ta sa a sayar. Hula da safa kuwa a jiki suke yini, a jiki suke kwana.

A Chaza, kamar sauran unguwannin Suleja, ba a rasa matan da suka iya kwarashi. Su ke saƙa hulunan jarirai da rigunan sanyin da ake kaiwa gidan suna. Hannun da ya saƙa wa jinjiri zai saƙa wa yaro ɗan shekara goma. Ma'aikatan sashe ɗaya na iya haɗa kuɗi daga albashin Satumba, su sayi zaren ulu, su ba matan aiki, su biya su ladansu. Biya nake nufi, domin bai dace a yi sadaka da gumin matar da ita ma neman na cefane take yi ba. Zaren ya kasance mai kauri, mai duhun launi saboda ƙura, saƙar kuma a matse, ba irin ta ado mai huji-huji da iska ke ratsawa ba.

Wani zai ce kayan gwanjo sun fi araha. Wataƙila, amma farashinsu dala yake bi, ribarsu kuma dillalai ke kwashewa. Kuɗin saƙa a cikin unguwa yake tsayawa.

Mataimakan manya su lura: hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda aka kafa a 2023, ilimi aka ɗora mata, kada a zauna jiran ta raba huluna. Idan maigida na son sa hannu, ya biya kuɗin zare. Rabon a damƙa wa malaman tsangaya da shugabannin tasha, su suka san wanda ke kwana a waje. A yi shi bayan sallar isha'i, cikin Nuwamba, ba tare da kyamara ba.